Yadda Ake Ƙarfafa Takardun Neman Gurbin Digirin Digirgir a Fannin Tallace-tallace

Da yawa daga cikin masu neman gurbin digirin digirgir a fannin tallace-tallace a manyan makarantun kasuwanci na Amurka da Turai suna rasa damarsu tun kafin a kai ga duba makinsu, saboda takardunsu suna nuna cewa ba su fahimci irin karatun da suke nema ba. A waɗannan makarantu ana ba da wannan digiri ne domin a horar da masu bincike da za su zama malaman jami'a, kuma karatun yakan ɗauki kimanin shekara 5, inda ake shafe biyun farko ana kwasa-kwasai masu tsauri, sauran kuma a kan binciken ɗalibi na ƙashin kansa. Makarantar ce takan ɗauke wa ɗalibi kuɗin makaranta, ta kuma riƙa biyansa alawus na zaman rayuwa, shi ya sa sashe guda ba ya ɗaukar fiye da 'yan tsirarun mutane a shekara, sau da yawa tsakanin biyu zuwa biyar. Malaman sashen su ne suke zama su karanta takardun, kuma abin da kowannensu yake tambayar kansa shi ne ko wannan mutumin zai iya zama abokin aikinsa a bincike na tsawon shekaru, har ya fitar da aikin da manyan mujallu za su karɓa.

Idan ka riƙe wannan a zuciya, za ka gane dalilin da ya sa shekara goma da mutum ya yi yana shugabantar sashen talla a banki ko kamfanin sadarwa ba ta da nauyin da take da shi wajen neman digirin MBA, wato digiri na biyu a gudanar da kasuwanci. Kwamitin malaman da ke karanta takardun ba ya raina wannan gogewa, sai dai ba ta amsa tambayar da yake yi. Takardar sakamako da makin jarrabawa da wasiƙun shaida da bayanin manufa duk hujjoji ne a kan abu guda, wato cewa kana iya ɗauko tambayar da ba a riga an amsa ba, ka kuma bi ta da hanyar da masana za su yarda da ita.

Fara da sanin ɓangaren da kake nema

Fannin ya kasu gida-gida, kuma galibin makarantu suna buƙatar ka zaɓi ɓangare tun a fom ɗin neman shiga. Akwai ɓangaren halayyar mai saye, wanda tushensa ilimin halayyar ɗan Adam ne, inda ake shirya gwaje-gwaje a raba mutane rukuni-rukuni domin a ga yadda sauya abu ɗaya, kamar yadda aka rubuta farashi ko yadda aka jera kaya, yake sauya shawarar da mutum zai yanke. Akwai ɓangaren ƙididdiga, wanda ya ginu a kan ilimin tattalin arziki da lissafi da kwamfuta, inda wasu suke nazarin tarin alƙaluman ciniki, wasu kuma suke gina ƙa'idojin lissafi a kan yadda kamfanoni ke gogayya. Akwai kuma ɓangaren dabarun kamfani, wanda ke duba yadda shawarwarin manajoji suke shafar riba da darajar kamfani. Wasu makarantu ƙalilan suna da malaman da ke nazarin al'adun saye ta hanyar zama da mutane da doguwar hira da su.

Wanda ya rubuta cewa yana sha'awar dukkansu ya bayyana wa kwamitin cewa bai karanta ko ɗaya ba. Hanyar zaɓe ita ce karatu, kuma mujallun da za ka karanta sanannu ne: Journal of Marketing da aka fara bugawa a 1936, da Journal of Marketing Research, da Journal of Consumer Research, da Marketing Science. Waɗannan huɗu su ne ma'aunin da ake auna malaman fannin da shi wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma. Ka ɗauki fitowar shekara biyu ko uku da suka wuce, ka karanta taƙaitaccen bayanin kowace maƙala, sannan ka ware kamar ashirin da suka ja hankalinka ka karanta su daga farko har ƙarshe. Ba za ka fahimci kowane layi na lissafin ba, kuma ba a sa ran haka daga mai nema. Abin da ake so ka iya faɗa game da kowace maƙala shi ne tambayar da ta yi, da bayanan da ta yi amfani da su, da yadda ta tabbatar cewa abin da ta kira sanadi shi ne sanadin, da kuma inda ta bar giɓi. Da yawa daga cikin maƙalun ana samun kwafinsu kyauta a shafukan marubutan ko a SSRN, shafin intanet da masu bincike ke ajiye maƙalunsu, saboda haka rashin rajistar ɗakin karatu ba uzuri ba ne.

Mayar da sanin kasuwa ya zama tambayar bincike

A nan ne mai nema daga Kano ko Maraɗi ko Kumasi yake da abin da ɗalibin da ya taso a Boston ba shi da shi, kuma a nan ne aka fi yin asarar wannan dama. Yawancin abin da fannin ya sani an gano shi ne a manyan kantunan Amurka da Turai, inda farashi ke manne a jikin kaya, ake biya da kati, kuma kowane ciniki yake shiga kwamfuta. Kasuwar da ake taya kaya a yi ragi, ake ba da bashi bisa amana ba tare da rubutu ba, ake auna hatsi da tiya da mudu, tana cike da tambayoyin da ba a taɓa su sosai ba, kuma manyan mujallu sun nuna cewa suna karɓar irin wannan aiki. Stephen Anderson da Rajesh Chandy da Bilal Zia sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi da ƙananan 'yan kasuwa a Afirka ta Kudu a mujallar Management Science a 2018, inda suka kwatanta horon tallace-tallace da horon harkar kuɗi, suka ga cewa dukkansu sun ƙara riba, amma na farko ya yi haka ne ta hanyar faɗaɗa ciniki, na biyu kuma ta hanyar rage kashe kuɗi. A 2021 Journal of Marketing ta buga wani gwajin da aka yi a Uganda a kan tasirin haɗa ƙananan 'yan kasuwa da ƙwararrun masu ba da shawara. A Nijar kuwa, Jenny Aker ta nuna a 2010 cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Aikinta na tattalin arziki ne, amma duk mai neman ɓangaren ƙididdiga daga yankinmu ya kamata ya san yadda ta yi amfani da isowar sabis a garuruwa a lokuta daban-daban ta raba tasirin waya da sauran dalilai.

Kuskuren da ake yi shi ne a rubuta cewa Afirka babbar kasuwa ce da masu bincike suka yi watsi da ita. Kwamitin ya karanta wannan jimla sau ba adadi, kuma ba ta nuna komai game da mai rubutun. Abin da ke jan hankali shi ne lura guda ɗaya da aka bi ta har ta zama tambaya. Ga misali. Idan kayan masarufi suka yi tsada, mai sayar da shinkafa a mudu yakan ƙara kuɗin mudun, amma mai ƙosai ko mai ƙuli-ƙuli yakan bar farashin inda yake ya rage girman abin, domin farashinsa a ɗaure yake da takardar kuɗin da ke hannun mai saye da kuma wahalar samun canji. Daga nan tambayoyi suke fitowa. A wane mataki ne mai saye yake lura cewa an rage? Idan ya lura, shin ya fi jin an zalunce shi fiye da a ce an ƙara masa kuɗi a fili? Idan kuma biya ta waya ta kawar da matsalar canji, shin masu sayarwa suna komawa ƙarin farashi? Mai neman ɓangaren halayya zai iya bayyana gwajin da zai shirya a kan tambaya ta biyu, mai neman ɓangaren ƙididdiga kuma yana da abin da zai kama a ta uku, domin ƙarancin takardun naira da ya biyo bayan sauya fasalin takardun 200 da 500 da 1,000 ya tilasta wa ɗimbin mutane komawa taransifa da POS a farkon 2023, kwatsam kuma ba da zaɓinsu ba. Irin wannan sauyi da ya faɗo daga waje shi ne abin da masu ƙididdiga suke nema ruwa a jallo, saboda yana ba su damar kwatanta kafin da bayan ba tare da zargin cewa mutanen da suka sauya dama can daban suke ba.

Ba a sa ran wannan tambayar ce za ta zama kundin digirinka, kuma ɗalibai da yawa suna sauya alƙibla bayan shekarar farko. Amfaninta shi ne ta nuna yadda kake tunani, ta kuma nuna cewa ka san abin da aka riga aka rubuta a kan rage girman kaya da kuma yadda masu saye suke auna adalcin farashi, domin dukkansu batutuwa ne da aka daɗe ana nazari a fannin.

Lissafi da jarrabawa

Mai neman ɓangaren ƙididdiga yana buƙatar takardar sakamakonsa ta nuna kwasa-kwasan kalkulas da aljebrar matiris da ilimin yiwuwa da ƙididdiga da ƙididdigar tattalin arziki, tare da iya rubuta shirin kwamfuta da harshen R ko Python. Wanda ya karanta harkar kasuwanci zalla a digirin farko sau da yawa ba shi da waɗannan, kuma gara ya cike giɓin kafin ya nema da ya yi fatan ba za a lura ba. Digiri na biyu a tattalin arziki ko ƙididdiga ya fi MBA amfani a wannan wuri. Shirin MicroMasters na jami'ar MIT a kan bayanai da tattalin arziki da tsara manufofi, wanda ake yi ta intanet tare da jarrabawa mai sa ido, hanya ce mai sauƙin kuɗi ta samun shaidar da kwamiti zai gane. Mai neman ɓangaren halayya ba ya buƙatar lissafi mai zurfin haka, amma dole ya san tsarin gwaji da ƙididdigar da ake nazarinsa da ita, ya kuma san cewa tun bayan da aka gano yawancin sakamakon wasu shahararrun gwaje-gwaje ba sa maimaituwa, masana sun koma rajistar tsarin bincikensu tun kafin su tattara bayanai, a shafuka irin su AsPredicted da OSF. Ambaton wannan a inda ya dace yana nuna cewa kana bibiyar halin da fannin yake ciki.

Galibin makarantu suna karɓar jarrabawar neman shiga ta GRE ko ta GMAT, kuma sakamakon kowannensu yana aiki na shekara 5. Ana auna ɓangaren lissafi da na harshe na GRE daga 130 zuwa 170, sabon tsarin GMAT kuma daga 205 zuwa 805. Ga mutumin da ya fito daga jami'ar da kwamitin bai sani ba, wannan maki yana da nauyi fiye da yadda yake da shi ga wanda ya fito daga jami'ar da suka saba da ita, domin shi ne ma'auni ɗaya tilo da ya haɗa shi da sauran masu nema. A ganina mai neman ɓangaren ƙididdiga ya nufi 167 zuwa sama a lissafin GRE, kuma ya rubuta jarrabawar da wuri, wajen watan Yuni ko Yuli, yadda zai sami sararin maimaitawa idan ta ƙi. Babban maki ba ya sa a ɗauki mutum, amma ƙarami yana sa a ajiye takardunsa ba a karanta ba. Jarrabawar Ingilishi, TOEFL ko IELTS, shekara 2 kawai take aiki, kuma wasu makarantu suna yafe ta ga wanda ya yi digirinsa da Ingilishi, wasu kuma ba sa yafewa, saboda haka sai an duba ƙa'idar kowace makaranta.

Shaidar cewa ka taɓa yin bincike

Babu abin da ya fi wannan ƙarfi a cikin takardun, kuma shi ne ya fi ɗaukar lokaci. A Amurka ya zama ruwan dare matasa su yi shekara ɗaya ko biyu suna aikin mataimakin bincike a ƙarƙashin wani farfesa kafin su nemi digirin digirgir, kuma ana tallata irin waɗannan gurabe a shafin predoc.org, wasunsu kuma suna ɗaukar 'yan ƙasashen waje. A kusa da gida, ƙungiyar Innovations for Poverty Action tana da ofisoshi a Nijeriya da Gana, cibiyar Busara mai nazarin halayyar tattalin arziki tana aiki daga Nairobi da Legas, kuma cibiyar bincike kan yaƙi da talauci ta J-PAL tana da ayyuka a ƙasashen Afirka da dama. Waɗannan ƙungiyoyi suna gudanar da gwaje-gwajen fili a madadin malaman manyan jami'o'i, kuma wanda ke jin Hausa, ya san kasuwa, ya kuma iya sarrafa bayanai a kwamfuta yana da daraja a wurinsu. Idan ka sami irin wannan aiki, kada ka tsaya ga kula da masu tattara bayanai kawai. Ka nemi a ba ka aikin tsaftace bayanan da nazarinsu, ka riƙa halartar taron da ake yi da masu binciken, ka kuma kawo shawarar da za ta gyara tambayoyin, domin waɗannan su ne abubuwan da farfesa zai iya rubutawa a kanka daga baya.

Wanda bai sami wannan dama ba zai iya yin ƙaramin aiki da kansa. Bankin Duniya yana ba da bayanan binciken gidaje na Nijeriya da Nijar kyauta a ƙarƙashin shirin LSMS, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa a Nijeriya tana fitar da farashin kayan abinci jiha-jiha, kuma ƙungiyar EFInA tana gudanar da bincike a kan yadda mutane ke amfani da hidimomin kuɗi. Maƙala mai shafi goma sha biyar da ta ɗauki tambaya ƙarama ta amsa ta da gaskiya, ta kuma faɗi iyakar abin da bayanan za su iya tabbatarwa, ta isa ta zama samfurin rubutu. Wata hanyar kuma ita ce ka ɗauki maƙalar da aka buga wadda marubutanta suka saki bayanansu, ka sake fitar da sakamakonta, ka ƙara mata wani abu kaɗan.

Dole a yi gargaɗi a kan mujallun da ake biya su buga komai cikin mako biyu. Matsin lambar ƙarin girma ya sa malamai matasa da yawa a jami'o'inmu sun tara irin waɗannan maƙalu, suna kuma jera su a takardar tarihin aikinsu da alfahari. A idon kwamitin, jerin maƙalu takwas a mujallun da ba a tantance aiki yana rage wa mai nema daraja, domin yana nuna bai san bambancin ba. Ba a buƙatar mai nema ya taɓa buga komai. Aiki ɗaya mai kyau da ba a buga ba ya fi su duka. Haka kuma kundin digiri na biyu da aka gina a kan raba takardar tambayoyi ga mutum ɗari biyu, aka kammala da cewa talla tana da tasiri a kan ciniki, ba zai yi amfani a matsayin samfuri ba sai an sake masa tsari.

Wasiƙun shaida

Galibi ana neman uku, kuma ya fi kyau dukkansu su fito daga malaman da suka ga aikinka na bincike da idonsu. Muƙamin mai rubutun ba shi ne abin dubawa ba. Wasiƙar shugaban jami'a ko kwamishina da ke cewa kai yaro ne mai ladabi da riƙon amana ba ta kai ta ƙaramin malamin da zai ce ka gano kuskure a bayanan da ya ba ka, ka gyara, ka kuma kawo hanyar nazarin da shi bai yi tunaninta ba. Matsalar ita ce al'adar rubuta irin wannan wasiƙa a wurinmu gajeruwa ce, layi biyar a kan hali da ɗabi'a, alhali abin da kwamitin ya saba gani shafi biyu ne cike da misalai da kwatanta ɗalibin da sauran waɗanda malamin ya koyar.

Saboda haka sai ka taimaki malaminka ba tare da ka rubuta masa wasiƙar ba. Ka same shi aƙalla wata biyu kafin wa'adi, ka ce masa, "Ranka ya daɗe, ina neman gurbin digirin digirgir a waje, kuma su abin da suka fi so su ji shi ne yadda na yi aikin bincike a ƙarƙashinka. Ga kundin da ka duba mini, ga bayanin manufata, ga kuma jerin makarantun da ranakun rufewarsu. Idan Malam yana ganin zai iya rubuta mini wasiƙa mai ƙarfi, zan yi godiya." Wannan jimla ta ƙarshe tana ba shi hanyar janyewa cikin mutunci idan ba shi da abin faɗa, kuma janyewarsa ta fi maka wasiƙa mai sanyi. Ka sanar da shi cewa kowace makaranta za ta aiko masa da saƙon imel dabam, ka roƙe shi ya yi amfani da adireshin imel na jami'a domin ya fi samun yarda, ka kuma zaɓi yafe haƙƙinka na ganin wasiƙar idan fom ya tambaya, domin an fi gaskata wasiƙar da ɗalibi bai gani ba.

Bayanin manufa

Shafi ɗaya da rabi zuwa biyu ya isa. Ka buɗe da tambayar da ke damunka, ka nuna abin da aka sani a kanta da inda aka tsaya, ka bayyana aikin da ka yi wanda ya shirya ka, sannan ka faɗi dalilin zaɓen wannan sashe musamman. Labarin yadda ka fara sha'awar kasuwanci tun kana yaro a shagon mahaifinka ba zai ci fiye da jimla ɗaya ba, in ma ya shiga, kuma alkawarin dawowa gida domin ciyar da ƙasa gaba ya fi dacewa da takardar neman tallafin gwamnati. Ka faɗa a sarari cewa burinka shi ne zama malamin jami'a mai bincike, domin makarantar tana auna nasarar shirinta ne da jami'o'in da ɗalibanta suka sami aiki.

Sakin layin da ya shafi makarantar shi ne wanda dole a sake rubuta shi ga kowace ɗaya. Ka ambaci malamai biyu ko uku, ka faɗi takamaiman abin da ya haɗa aikinsu da tambayarka, bayan ka tabbatar daga shafin sashen cewa suna nan har yanzu kuma suna ci gaba da bugawa. Ambaton farfesan da ya yi ritaya ko ya koma wata jami'a yana tona cewa ba a yi bincike ba. Idan akwai rauni a takardar sakamakonka, kamar shekarar da maki ya faɗi, ka yi bayaninsa a jimla biyu ka wuce. Yana da kyau kuma ka fayyace cewa ma'aunin maki na galibin jami'o'in Nijeriya 5.0 ne, digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga 4.50, ka kuma faɗi matsayinka a aji idan jami'a za ta tabbatar da shi.

Zaɓen makarantu da tsara lokaci

Tunda kowane sashe mutane kaɗan yake ɗauka, har mai takardu masu ƙarfi yana iya rasawa saboda a wannan shekarar malamin da ya dace da shi ba ya neman ɗalibi. Don haka ana raba ƙafa, a nemi makarantu goma zuwa goma sha biyar idan aljihu ya ba da dama, a haɗa manya irin su Wharton da Chicago Booth da Stanford da Kellogg da Columbia da wasu jami'o'in jihohi masu ƙwararrun malamai amma ƙarancin cunkoso. Kuɗin fom yakan kai wajen dala 100 a kowace makaranta, wanda nauyi ne babba ga mai samun naira ko sefa, amma wasu makarantu suna yafewa idan aka nema da wuri. Jerin da jami'ar Texas ta Dallas take fitarwa na yawan maƙalun kowace makaranta a manyan mujallu yana taimakawa wajen gano sassan da suke da ƙarfi ba tare da sun yi suna ba, sai kuma shafin kowane shiri da ke nuna inda tsofaffin ɗalibai suka sami aiki.

Kada a taƙaita ga Amurka, musamman ganin yadda ƙa'idojin bizarta suka tsananta ga wasu ƙasashen Afirka a 2025. INSEAD da HEC Paris a Faransa da London Business School a Ingila suna bin tsari mai kama da na Amurka, da Ingilishi kuma suke koyarwa, abin da ya kamata ɗaliban Yamai da Damagaram su lura da shi. A Holan, jami'o'in Tilburg da Erasmus suna da ƙarfi ƙwarai a fannin, kuma ɗalibin digirin digirgir a can yawanci ma'aikaci ne mai albashi. Yawancin sauran jami'o'in Ingila kuwa suna buƙatar cikakken tsarin bincike da amincewar malamin da zai duba aikin tun kafin a nema, sannan tallafin kuɗi abu ne da ake nema dabam, kamar na Commonwealth. A irin wannan tsari rubuta wa malami kai tsaye wajibi ne, alhali a Amurka kwamiti ne ke yanke hukunci, kuma saƙon da ba shi da takamaiman tambaya a kan aikin malamin ba ya ƙara komai.

Yawancin makarantun Amurka suna rufe karɓa tsakanin farkon Disamba da tsakiyar Janairu. Takardar cikakken sakamako ita ce ta fi jawo jinkiri a jami'o'inmu, don haka a fara nemanta wata shida kafin lokaci, musamman idan makarantar tana buƙatar hukumar WES, mai auna takardun karatun ƙasashen waje, ta tantance ta, domin a nan jami'a ce za ta aika kai tsaye. Wanda takardunsa ke da Faransanci yana buƙatar fassarar da aka tabbatar da ita.

Ana kiran ganawa galibi daga Janairu zuwa Maris, ta bidiyo. Za a tambaye ka aikin da ka ambata, a matsa maka a kan rauninsa, domin a ga ko kana iya karɓar suka ka yi tunani a take. Idan aka ce maka wani dalili dabam zai iya haifar da sakamakon da ka samu, amsar da ta fi ita ce ka yarda idan gaskiya ne, ka faɗi bayanan da za su raba dalilan biyu. Ka karanta sabuwar maƙala ɗaya ta kowane malamin da zai gana da kai, ka kuma tanadi wuta da intanet na madadin tun kafin ranar. Idan tayi ya zo daga Amurka, yawancin jami'o'in sun amince da yarjejeniyar da ta ba ɗalibi har 15 ga Afrilu kafin ya amsa tayin da ke ɗauke da tallafin kuɗi, saboda haka ka yi amfani da wannan lokaci ka tuntuɓi ɗaliban da ke cikin shirin, ka tambaye su ko alawus ɗin yana isa a garin, ko an tabbatar da kuɗin shekara ta biyar, ko inshorar lafiya ta haɗa da iyali, da kuma yawan lokacin da malamai ke ba ɗalibansu. Idan kuwa babu tayin da ya zo, neman gurbin mataimakin bincike ko digiri na biyu na bincike irin na Tilburg, mai shekara 2, shi ne zai samar maka da sabuwar wasiƙar shaida da sabon samfurin rubutu kafin zagaye na gaba, kuma makarantu suna karɓar wanda ya sake nema idan takardunsa sun nuna abin da ya ƙaru.